Wa Ya Sassaƙa Turmin Gidanku?

Da wuya ka shiga gida a Surko ko Kangire ko Sara ka rasa turmi a kife kusa da madafi. A wani gidan ma turmin ya girmi matar da ke daka a cikinsa, domin yana cikin kayan da aka kawo uwar mijinta da su. To amma ka tambayi mutanen gidan wanda ya sassaƙa shi. Za a faɗa maka kasuwar da aka sayo shi, a faɗa maka ko sule nawa aka biya, har a tuno maka irin damanar da aka yi a shekarar. Sunan mai gizagon ne kawai ba za ka ji ba.

Haka abin yake ga akushi, da kujerar tsuguno, da muciya, da ƙotar fartanya, da allon da yawancinmu muka fara karatu a kansa. Hatta kalangu da gangar da ake wasa masu mulki da su, an san makaɗi, an san maroƙi, ba a san wanda ya fafe iccen ba.

A da wannan bai dami kowa ba. Yau kuwa ya zama matsala, domin sana'ar sassaƙa ta shiga halin gaba kura baya sayaki. Manyan itatuwan da masassaƙi ke aiki da su suna ƙarewa. Roba da silba da injin niƙa sun janye masa masu saye. 'Ya'yansa sun gwammace acaɓa ko shagon cajin waya. Ga kuma doka: a 2024 gwamnatin Jigawa ta sanar da haramta sare itatuwa barkatai don yin makamashi da gawayi. Matakin ya yi daidai, kuma muna goyon bayansa. Sai dai muddin hukuma ba ta riƙe da sunayen masassaƙanta a rubuce, to a dawa babu abin da zai bambanta mai neman gungume ɗaya don ya fitar da turmi, da mai kayar da bishiya ashirin don ya cika mota da gawayi. Dukansu gatari ne a kafaɗarsu. Kuma an san wanda zai fi saurin shiga hannu, tunda mai gawayi yana da abin da zai kare kansa da shi a aljihu, masassaƙi kuwa ba shi da shi.

Cikin masu aikin hannu na ƙasar Hausa a zamanin da, waɗanda sunansu ya tsira ba su da yawa. Wanda ya fi shahara shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka kuma fi saninsa da Babban Gwani. Shi ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Magini ake ce masa, amma duk wanda ya san ginin ƙasa ya san rabin aikin na icce ne. Laka ita kaɗai ba ta tsayawa a sama. Abin da ke riƙe ta shi ne azara, wato giginyar da aka tsattsage, musamman namijin, wanda gara ba ta iya masa. Ita kuma azara tana da iyakarta: idan faɗin ɗaki ya wuce kamu huɗu ko makamancin haka, sai ta fara lanƙwashewa da nauyin ƙasa. Dabarar magina ita ce su dasa azara a jikin bango ta ɓangarori biyu, su ɗaure da igiya, su lulluɓe da laka, su bari ta bushe, sannan su ƙara wata a kai tana ɗan leƙowa gaba. A haka, hawa-hawa, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. Inda bakuna da yawa suka gitta juna a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Babban Gwani ya kai wannan dabara matuƙa, ya rufe fili mai faɗin da sahun masallata ke tsayawa a ƙarƙashinsa, babu siminti, babu rodi.

Ba sai an je Zariya za a ga hannunsa ba. Idan ka tashi daga Birnin Kudu ka bi hanyar Ningi za ka Bauchi, sai ka ratsa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa. A nan akwai soron gidan Madakin Bauchi da ake danganta masa, wanda aka gina wajajen 1860, har ma soron da sunan Babban Gwani ake kiransa. Tun 1956 aka sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Mutanenmu nawa ne ke wucewa ta garin a mota kullum ba su taɓa tsayawa sun ɗaga kai sun kalli rufin nan ba?

Akwai labarin baka da ke cewa bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ko haka aka yi ko ƙari ne irin na masu ba da labari, abu ɗaya ya fito fili: mutanen da suka riƙe labarin sun ɗauki gwani a matsayin dukiyar da sarakuna ke kishi a kanta.

Me ya sa sunansa ya kawo yau, na dubban takwarorinsa suka ɓace? An ba shi laƙabi da ya zama sarauta, zuriyarsa suka gada, aka sami unguwa a Zariya mai sunansa. Sannan aka sami waɗanda suka auna aikin suka rubuta. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiyar Nijeriya, kuma da irin wannan awo ne aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Awon ya yi rana, domin a shekarun 1970 an yi wa masallacin Zariya sabon gini na siminti, wani sashe ne na tsohon aka bari a ciki. A Nijar ma haka: Falke Barmu, manomi kuma magini a ƙauyen Yama ta jihar Tawa, ya fara masallacin garinsu a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, sunan mutumin ƙauye ya zaga duniya. Mu kuwa a nan Birnin Kudu muna da zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu bincike na zuwa daga nesa su gani, amma masu zanen sun tafi da sunansu. Waɗannan an yafe mana, tunda ba mu tarar da su ba. Masassaƙin da ke zaune a ƙarƙashin tsamiya a kasuwar Sara fa?

A nan ne ya kamata mu leƙa Faransa, ba don su suka fi mu hannu ba, sai don yadda suka riƙe masu hannun.

Ranar 15 ga Afrilun 2019 gobara ta cinye rufin babbar majami'ar Notre-Dame da ke Paris. Rufin na katako ne tun ƙarni na 13, yawan gumagumansa ya sa suke kiransa daji. Mutane da yawa sun ɗauka an rabu da irinsa ke nan. Amma ranar 7 ga Disambar 2024 aka sake buɗe ginin, bayan masu sana'a kimanin 2,000 sun yi aiki a kansa, aka yi amfani da bishiyoyi kimanin 2,000 na itacen oak, wanda a wurinsu kamar maɗaci yake a wurinmu. Abin da ya fi jan hankali shi ne da gatari aka sassaƙe gumaguman babban rufin, da hannu, kamar yadda kakanninsu suka yi.

Ina suka samo masu gatarin a zamanin kwamfuta? Ba rana ɗaya suka faɗo ba. Suna da tsohon tsarin koyon sana'a na Compagnons, inda saurayi zai yi shekaru yana yawo gari-gari yana aiki a hannun gwanaye daban-daban, kamar dai almajirin da ya tafi gabas neman tilawa, kuma ba za a karɓe shi a matsayin gwani ba sai ya gabatar da aikin gwaji. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin cikin al'adun duniya da ake karewa. Akwai kuma wani wuri, Guédelon, inda tun 1997 ake gina fada da kayan aikin zamanin da zalla, kuma wasu daga cikin waɗanda suka goge a can sun ba da gudummawa a aikin Paris. Ina kuma suka samo bishiyoyin? Daga dazuzzukan da ake lissafinsu bishiya-bishiya. Tun 1669 minista Colbert ya fitar da dokar dazuzzuka don jiragen ruwan sarki su sami katako. Wasu bishiyoyin da aka saro a dajin Bercé don wannan gyara sun haura shekara 200. Wanda ya rene su bai san ginin da za su shiga ba.

Haka suka yi wa masu aikin gilashi mai launi. Sana'ar ita ce a narka gilashi da garin ƙarafa don ya ɗauki launi, shuɗi ko ja ko kore, a yayyanka shi gutsi-gutsi, a harhaɗa da zaren dalma ya zama taga, rana in ta huda sai launin ya zubo cikin ɗaki. A majami'ar garin Chartres akwai irin waɗannan tagogi sama da 170, yawancinsu tun farkon ƙarni na 13. Su ma ba a san sunayen akasarin waɗanda suka yi su ba. To amma a ƙasan tagogi da dama an zana masu sana'a suna bakin aiki: mahauta, masu gasa burodi, masu ɗinkin takalma. A ƙasan tagar da ke ba da labarin Annabi Nuhu da jirginsa, masu aikin katako ne aka zana da kayan aikinsu. Shekara 800 ke nan duk wanda ya shiga ginin yana ganin kafinta a wuri mai daraja.

A wannan gari ne Gabriel Loire, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1996, ya buɗe masana'antarsa a 1946. Ya ƙware a wani salo na fasa gilashi mai kauri a dasa shi cikin kankare, kuma shi ya yi shuɗayen bangayen gilashi na sabuwar majami'ar tunawa da Kaiser Wilhelm a Berlin, wadda aka gina kusa da kufan wadda yaƙi ya rusa. Bayan rasuwarsa ɗansa da jikokinsa suka ci gaba da aikin. Ba tausayin gado ne ya zaunar da su ba. Aiki ne ke zuwa, ana biya, kuma ana rubuta sunan mai shi a jiki. Ƙasar ma tana da gasar gwanayen ma'aikata tun 1924, wanda ya ci a rataya masa lamba, kuma takardar da ake ba shi gwamnati na ɗaukarta daidai da difloma ta shekara biyu bayan sakandare. A nan kuwa mai difloma ne ke zama a ofis yana rubuta wa gwanin shekara arba'in takardar tara.

Wani zai ce ai wannan duk harkar coci ce, ina ruwanmu? To masallacin Nasirul Mulk na birnin Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888, da gilashi mai launi a cikin firam na katako ya yi suna, babu hoton mutum ko na dabba, sai zane irin wanda muke gani a hula da bangon zaure. Tsofaffin gidajen birnin San'a na Yaman ma suna da tagogin gilashi mai launi. A gida ma, Yusuf Grillo, Musulmi ɗan Legas da ya yi karatun zane a Zariya ya rasu a 2021, yana cikin waɗanda suka fi kowa suna a aikin gilashi mai launi a Nijeriya. Abin da ya hana a ga irin wannan a masallatanmu shi ne mun saba da sauƙi: attajiri zai kashe miliyoyi a ginin masallaci, ƙofa a sayo ta ƙarfe daga China ko Turkiyya, taga ta alminiyom, mumbari a zuba na siminti a manna tayil. Ko sisi ba ya shiga hannun kafintan garin.

Mu dawo kan icce, domin nan gizo ke saƙa. Hausawa na cewa sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. An yi karin maganar ne kafin zuwan injin yankan katako. Ƙirya, wadda ake so a turmi da taɓarya saboda taurinta, ita ce kuma mai gawayin da maƙera da 'yan kasuwa suka fi nema, ga ta da jinkirin girma. Maɗaci ana ɓare masa ɓawo don magani har ya bushe a tsaye. Aduwa da ake allo da ita, da marke, da kanya, duk wuta ɗaya ke cin su. Madobiya kuwa mun ga abin da ya same ta a Taraba da Adamawa da Kogi, inda aka riƙa lodinta zuwa China har sai da hukumar kula da cinikin tsirrai da namun daji ta duniya ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Kafintocinmu na gari tuni suka dogara da katakon kudu da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da allunan garin katako na waje, waɗanda kayan ɗakin amarya da aka yi da su ba sa kai haihuwar fari idan ruwa ya taɓa su.

A lissafin hankali, masassaƙi ba shi ne abokin gabar daji ba. Bishiyar da ta zama turmi tana aiki shekara talatin ko fiye. Wadda ta zama gawayi kafin wata ya ƙare ta zama toka. Idan dole sai an sare wasu, to a san wa za a bai wa.

Ba muna wanke masu sana'ar ba ne. Akwai mai sassaƙa ɗanyen icce ya shafe shi da mai ya sayar, turmi ya je gida ya tsage kafin kaka. Akwai mai shiga gonar mutane da dare. Akwai rowar sani, inda tsoho zai gwammace ya mutu da dabararsa da ya koya wa ɗan wani gida. Alƙawarin kafinta kuwa ya kusa kamo na tela. Duk wannan yana cikin abin da ya zubar da darajar sana'ar, kuma rajista ce maganinsa, domin wanda aka san sunansa da garinsu ba ya son a dawo masa da kaya.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar kwangila. Masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma sarautar Sarkin Sassaƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A umarci kowane dagaci ya kawo sunayen masassaƙan ƙasarsa, da abin da kowa ya ƙware a kai, da wanda ya koya masa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da ke neman abin rubutawa a kundin kammala karatu, ga aiki nan: waya ɗaya ta isa a ɗauki tsoho yana fafe akushi daga farko har ƙarshe, yana faɗar sunan kowane makami da kowane icce. Daga wannan rajista sai sashen gandun daji ya riƙa ba da izini a rubuce, na bishiya ƙidayayya a shekara, a fara da waɗanda suka bushe ko iska ta kayar, da sharaɗin mai izinin ya dasa wasu ya kuma raine su. Kowane mai rajista a ba shi alamar da zai riƙa ƙonawa a gindin kayansa, yadda mai saye zai san hannun da ya yi.

Takarda ma akwai hanyarta. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, tana da tsarin gwada mai sana'a a kan abin da ya riga ya iya a ba shi shaida, kuma an fara da masu sana'ar kasuwar Panteka a Kaduna. Babu dalilin da zai hana Jigawa ta nemi a shigar da masassaƙa da kafintocinta. Sai kuma aiki, wanda in babu shi duk sauran zance ne. Bencin makarantun firamare, da allunan tsangayu, da ƙofofin asibitocin karkara, a ware wani kaso a ce sai daga hannun masu sana'ar ƙaramar hukumar. Kwamitocin masallatai su ma su gwada ba da ƙofa ɗaya ko mumbari ɗaya ga kafintan gari, a ba shi lokaci da kuɗin kirki, a ga abin da zai fito.

Wajen dashe kuwa, Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya. Darbejiya da turare suna da saurin tashi, shi ya sa aka fi son su a bikin dashe, amma ba su ne za su maye gurbin ƙirya da maɗaci ba. A sa waɗannan cikin irin da ake renowa, ko da kaɗan ne duk shekara. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna wata hanyar tun shekarun 1980 da sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture a gona yana yi masa aski har ya zama bishiya. Miliyoyin kadada sun farfaɗo da haka, kuma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, zai iya amfana da ita. Manomin Surko ma in ya san ƙiryar gonarsa za ta yi kuɗi a hannun masassaƙi mai izini, ba zai bar mai gawayi ya kusance ta ba.

Giginya ce ta fi ban tausayi. Muruci da muke saye a tasha muna ci da daɗi, jaririyar giginya ce: ƙwallon ake binnewa, ya tsiro, a tone a dafa. Ita kuma sai ta shekara da yawa kafin ta isa a tsaga ta a yi azara, kuma soraye irin na Kafin Madaki ba su da abin gyara sai ita. Kansilolin Birnin Kudu da Gwaram za su iya zama da masu binne ƙwallon kafin damina mai zuwa a yi yarjejeniya: kowane rami a bar wasu su tashi, ƙaramar hukuma ta biya kuɗin murucin da ba a tone ba, ta kuma kewaye wurin saboda dabbobi.